Kofin Dubai da Kujerar Formula 1: Me Ya Sa Zakarun Ba Sa Ƙarasawa?

A kakar farko ta gasar Formula 4 ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka fara a ƙarshen 2016 aka kammala a farkon 2017, wani matashi ɗan Afirka ta Kudu mai suna Jonathan Aberdein ya yi wa abokan karawarsa fintinkau. Tsere 18 aka yi tsakanin filin Dubai Autodrome da na Yas Marina da ke Abu Dhabi, shi kaɗai ya cinye 14. Yaron da ya zo na biyu, Ba'amurke Logan Sargeant, bai ci ko ɗaya ba. Can ƙasa a matsayi na shida kuma akwai wani ɗan Ostireliya mai shekara 15, Oscar Piastri, wanda in ban da iyayensa da masu gyara masa mota ba wanda ya damu da sunansa.

Sargeant ya shiga Formula 1 a 2023 da ƙungiyar Williams. Piastri ma a shekarar ya shiga da McLaren, ya ci tserensa na farko a Hangari a 2024, a 2025 kuma har tseren ƙarshe yana cikin masu neman kambun duniya. Aberdein, wanda ya bar su duka a baya, bai taɓa tseren Formula 1 ba.

Da a kaka ɗaya abin ya tsaya, sai a ce ƙaddara ce. Amma ga jerin zakarun. Bayan Aberdein, Charles Weerts na Beljiyam ne ya ci a 2018. Daga nan Italiyawa uku suka biyo a jere: Matteo Nannini a 2019, Francesco Pizzi a 2020, Enzo Trulli a 2021. Charlie Wurz na Ostiriya ya ɗauka a 2022, James Wharton na Ostireliya a 2023, Freddie Slater na Birtaniya a 2024. A 2025, da aka sauya wa gasar suna ta koma ta Gabas ta Tsakiya, wani Ba'italiyen, Emanuele Olivieri, ya ci. Zakaru tara ke nan, kuma har aka rufe kakar 2025 babu ɗaya cikinsu da ya yi tseren Formula 1. Su kuwa waɗanda suka bi ta wannan gasa ba su ɗauki kofinta ba, bayan Sargeant da Piastri, akwai Andrea Kimi Antonelli da Mercedes ta ba wa kujerar Lewis Hamilton a 2025, da Arvid Lindblad da Racing Bulls ta ɗauka domin kakar 2026.

Kofin Dubai kofi ne na gaskiya, da gumi ake cin sa. Sai dai abin da yake aunawa daban ne da abin da 'yan kallo suke zaton yana aunawa, kuma wanda ya ɗauki jerin zakarun nan a matsayin jerin taurarin gobe ya karanta shi a baibai.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ita ce ta ƙirƙiro matakin Formula 4 a 2014, domin ya zama matakalar farko ga yaron da ya gama da ƙananan motocin kart ya kai shekara 15. Daga nan sai Formula Regional, sai Formula 3, sai Formula 2, sannan Formula 1. Motar kujera ɗaya ce, tayoyinta a waje, direba a kishingiɗe a tsakiya kansa a buɗe. A gasar Dubai kamfanin Tatuus na Italiya ne yake ƙera gangar jikin, injin kuma na Abarth ne, kuma kowa iri ɗaya ake ba shi. Daga 2022 aka koma sabon samfuri mai bakan ƙarfe da ke kare kan direba. Hikimar ita ce, tunda mota ɗaya ce, sai hannu ya bambanta. Wanda ya zo na ɗaya a tsere yana da maki 25, na biyu 18, na uku 15, kamar dai yadda ake yi a Formula 1.

Abin da ya raba gasar Dubai da takwarorinta na Italiya, Sifaniya da Birtaniya shi ne lokaci. A watan Janairu da Fabrairu filayen Turai suna fama da sanyi da ruwa da ƙanƙara, ba a tsere. A Dubai kuwa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, lokacin ne iska take daɗi, ga kwalta a bushe. Filin Dubai Autodrome, wanda aka buɗe a 2004 a unguwar Motor City, tsawonsa kilomita 5.39, kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce tsakaninsa da Yas Marina, inda ake tseren Formula 1 tun 2009. Sai ƙungiyoyin Turai su loda motoci da kanikawa a jirgi, su zo su yi mako biyar ko shida suna tsere kusan kowane ƙarshen mako, su koma gida kafin kakar Turai ta buɗe a watan Afrilu.

Wato ga yawancin yaran da ke zuwa, Dubai ɗakin share fage ne. Asalin jarrabawar tana filayen Turai irin su Monza da Imola da Spa.

Daga nan ne dalili na farko ya fito. Wanda ya zo share fage ba dole ne ya zauna har ƙarshe ba. Antonelli a 2022 wani ɓangare na kakar kawai ya shiga, ya ci tsere, ya tattara ya koma Turai, inda a shekarar ya haɗa kofin Formula 4 na Italiya da na Jamus. Masu kula da shi sun ga abin da suka zo gani, ba su da buƙatar ƙarin maki. A gasar da ba ta wuce zagaye biyar ba, wanda ya tsallake ko da ɗaya ya yi ban kwana da kofi. Saboda haka kafin a tambayi wa ya fi gudu, kofin yana fara tambayar wa ya halarci kowane zagaye.

Dalili na biyu shekaru ne da gogewa. An haifi Aberdein a 1998, kuma kafin ya zo Dubai ya riga ya yi tsere a Formula 4 ta Jamus. Sargeant kuwa a ranar ƙarshe ta shekarar 2000 aka haife shi, kuma daga kart ya fito kai tsaye, inda ya ci kambun duniya na matasa a 2015. Tazarar kusan shekara uku tsakanin manya ba komai ba ce, amma tsakanin ɗan 15 da ɗan 18 rata ce mai girma: ƙarfin wuya da damtse, sanin yadda taya ke ɗumi da yadda take cinyewa, sanin inda ake danne birki ba tare da motar ta juya ba. Haka Wharton, sai a zuwansa na biyu ya ci kofi, alhali Lindblad da ya zo na biyar a waccan kakar ta 2023 bai daɗe da barin kart ba. Masu farautar direbobi na Ferrari, Mercedes da Red Bull sun san wannan sarai. Yaron da ya zo na biyar a shekararsa ta farko yakan fi jan hankalinsu fiye da wanda ya zo na ɗaya a ta biyu.

Dalili na uku shi ne ƙungiya. Mota ɗaya ce, amma masu saita ta ba ɗaya ba ne. Tsayin mota daga ƙasa, yawan iskar taya, karkatar fukafukan gaba da na baya, da bayanan da injiniya ke zazzagewa a kwamfuta bayan kowane zagaye ya zauna da yaro su bi kwana bayan kwana, a nan ake samun ɗan rabin daƙiƙar da ke raba na ɗaya da na goma. Kofuna biyu na farko suna da hannun Motopark ta Jamus. Na 2019 da 2020 Xcel Motorsport ta Dubai ce ta ɗauka. Daga 2022 zuwa 2024 kuma kofin bai bar hannun Prema ta Italiya ba, ko dai da sunanta ko ta Mumbai Falcons, ƙungiyar Indiya da Prema ke yi wa aikin injiniya. Wanda ya samu kujera a irin waɗannan gidaje ya fara tsere da rabin nasara a aljihu.

Kujerar kuwa ba a kyauta take ba. Kaka ɗaya ta Formula 4 a Turai tana cin dubban ɗaruruwan Yuro, hawa matakalar gaba ɗaya har Formula 2 kuma lissafin miliyoyi ne. Shi ya sa sunayen da ke cikin jerin suke yi wa tsofaffin 'yan kallo kama da waɗanda suka sani. Enzo Trulli ɗan Jarno Trulli ne, wanda ya ci tseren Monako a 2004. Charlie Wurz ɗan Alexander Wurz ne, tsohon direban Formula 1 da ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyu. David Schumacher, wanda ya kara da Weerts a 2018, ɗan Ralf Schumacher ne. Mahaifin Weerts kansa yana cikin masu ƙungiyar tseren mota ta WRT. Ba laifi ba ne ɗa ya gaji ubansa, kuma suna ba ya taka totur. Amma gida irin wannan yana sayen abin da baiwa ba ta iya saya: kwanakin gwaji, sababbin tayoyi, da damar fasa mota yau a kawo wata gobe.

Duk da haka, zalunci ne a ce wanda bai shiga Formula 1 ba ya faɗi. Kujeru 20 ne kacal a can har 2025, sun zama 22 da shigowar Cadillac a 2026, kuma a shekara da wuya a samu gurbi fiye da uku ko huɗu. Weerts ya bar motoci masu kujera ɗaya da wuri ya koma tseren GT, inda shi da Dries Vanthoor suka ci kofin gajeren zango na Turai shekara uku a jere, daga 2020 zuwa 2022. Aberdein ya yi tsere a gasar DTM ta Jamus da motar Audi da ta BMW, sannan ya koma tseren dogon zango. Nannini ya ci tsere a Formula 3 a 2021, ya kuma ci wani a Amurka a 2023. Waɗannan mutane ne da ke cin abinci da sitiyari, abin da dubban yaran da suka fara tare da su ba su samu ba.

Akwai kuma kakannin da kofin ya faɗi gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Slater, bayan ya ci a Dubai a 2024, ya je Italiya ya ci tsere 15 a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, a 2025 kuma ya ɗauki kofin Formula Regional na Turai. Shi kam har yanzu littafinsa a buɗe yake. Rafael Câmara na Burazil, wanda ya zo na biyu a bayan Wurz a 2022, ya ci Formula Regional ta Turai a 2024 da Formula 3 a 2025. Wanda ya zo na biyu a waccan Formula Regional ta 2024 kuwa ba kowa ba ne illa Wharton.

Kakar 2021 ita ce ta fi nuna yadda tazarar da ke tsakanin zakara da na biyu take da siranta. Da maki ɗaya tak Trulli ya doke Dilano van 't Hoff na Holan. Van 't Hoff ya wuce Sifaniya ya ci kofin Formula 4 na can a shekarar. Ranar 1 ga Yuli, 2023, ya rasu a wani hatsari cikin ruwan sama a filin Spa-Francorchamps na Beljiyam, yana da shekara 18. Duk mai maganar waɗannan gasanni kamar wasan yara ne, ya tuna cewa motar Formula 4 ma tana haura kilomita 200 a awa, kuma sau da yawa mai tuƙa ta bai isa a ba shi lasisin tuƙi a titi ba.

Wani abin lura shi ne, da an hau mataki ɗaya sama, a kan waɗannan filaye biyu, sai kofin ya ƙara nauyi. Zhou Guanyu na Sin ya ci gasar Formula 3 ta Asiya a farkon 2021, wadda aka yi ta gaba ɗaya tsakanin Dubai da Abu Dhabi, shekara na zagayowa ya zama Basinen farko da ya samu cikakkiyar kujera a Formula 1. Antonelli ma da ya dawo a 2023 ya zauna har ƙarshe ya ci Formula Regional ta Gabas ta Tsakiya. Dalilin a fili yake. Kafin direba ya shiga Formula 1 sai ya tara maki 40 na babban lasisin FIA cikin shekara uku. Zakaran Formula 4 maki 12 yake samu, kuma yawanci kafin ya iso bakin ƙofa sun riga sun tsufa sun faɗi daga lissafi. Na mataki na gaba kuwa sun fi yawa, sun kuma fi kusa da lokacin buƙata. A can an daina share fage, kowa da gaske ya zo.

To, mai masauki fa? Cikin zakarun tara babu ɗan Daular ko ɗaya. Wani zai ce Dubai ta shimfiɗa tabarma ne baƙi suna cin tuwo. Amma wanda ya dubi ƙasan teburin zai ga abin da ya tsiro. Amna Al Qubaisi ta ci tseren Formula 4 da aka yi a gefen babban tseren Abu Dhabi a 2019. Ƙanwarta Hamda ta ci tsere da dama a gasar kanta a 2020 da 2021, tana karawa da samarin Turai, daga baya ta zo ta uku a gasar mata ta F1 Academy a 2023. Mahaifinsu, Khaled Al Qubaisi, ya ci tseren awa 24 na Dubai a 2012 da 2013. Keanu Al Azhari, haifaffen Dubai, yana cikin waɗanda suka matsa wa Slater lamba har zagayen ƙarshe a 2024, kuma Rashid Al Dhaheri na Abu Dhabi yana cikin na gaba-gaba a kakar. Waɗannan yara sun tashi ne da filin kart a kusa da gida, da gasar da ke kawo musu gwanayen duniya har ƙofa, maimakon su kwashi iyali su koma Italiya. Shugaban FIA kansa tun Disambar 2021, Mohammed Ben Sulayem, ɗan Dubai ne da ya ci gasar rali ta Gabas ta Tsakiya sau 14. An ɗauki shekara 20 daga buɗe Autodrome kafin ɗan gida ya kusa taɓa wannan kofi.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba baƙon wannan labari ba ne, ko da bai taɓa kallon tseren mota ba. A wannan ƙasa ce dai, a Abu Dhabi, Golden Eaglets ƙarƙashin Manu Garba suka lallasa Meziko da ci 3 da nema a watan Nuwambar 2013 suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, kyaftin Musa Muhammed yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Sau biyar Najeriya ta ci wannan kofi: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Babbar ƙungiyar kuwa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba. Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi sun kai gasar Firimiya ta Ingila, da yawa daga abokansu kuma an daina jin ɗuriyarsu. Ciwon iri ɗaya ne: a yi shagalin kofin yara kamar an isa, a manta da tambayar wa zai riƙe yaron a shekaru biyar masu zuwa.

A tseren mota ma akwai sunan da ya kamata Najeriya ta sani. Ugo Ugochukwu, ɗan Oluchi Onweagba wadda ta ci gasar Face of Africa a 1998, shi ne ya zo na uku a Dubai a 2023, a bayan Wharton da Tuukka Taponen na Finlan. McLaren ta ɗauke shi tun yana ɗan shekara 13, kuma a 2024 ya ci babban tseren Macau. Amma a New York aka haife shi, a Amurka da Turai ya koyi tuƙi, da tutar Amurka yake tsere. Ba wani mataki na hawansa da ya bi ta Legas ko Abuja, domin babu matakalar da zai taka a can.

Rabon Afirka da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Ruwanda ta bayyana neman karɓar baƙuncinsa a Disambar 2024, lokacin da FIA ta yi babban taronta a Kigali. Afirka ta Kudu na son ya dawo, a 2025 kuma aka ji Hukumar Wasanni ta Ƙasa a Najeriya tana maganar kawo shi Abuja. Buri ne mai kyau, sai dai daga rufi aka fara ginin. Babban tsere kwana uku ne a shekara, baƙi su zo su tafi. Abin da ya haifar da Hamda da Al Azhari shi ne abin da ke gudana sauran kwanakin: filin kart da ke buɗe kowane mako, gasar ƙasa mai ƙa'ida da alƙalai, kanikawan da suka san aikin, motar asibiti a bakin fili.

Sha'awar kuwa ba a rasa ta ba. Duk wanda ya ga yadda samari ke wasan mota da babur a titunan Kano, Kaduna da Abuja ranar biki, suna juyi taya na hayaƙi jama'a sun yi da'ira babu shinge, ya san akwai hannu, akwai ƙarfin hali, akwai kuma gawa da karaya da ake kwasa a banza. Yankin da ya riƙe filayen sukuwa da na folo a Katsina, Kano da Kaduna shekara da shekaru, da kuɗin masu sha'awa da na kamfanoni, ba zai gaza shimfiɗa kwaltar kilomita ɗaya da shingen tayoyi ba. Kafin a kai takardar neman Formula 1 gaban FIA, ya kamata hukumar wasanni da gwamnatocin jihohi su faɗa wa jama'a a wane fili ne ɗan shekara goma daga Fagge ko Tudun Wada zai fara zama a bayan sitiyari da hular kwano a kansa, wa zai biya kuɗin tayoyinsa, kuma wace gasa zai shiga idan ya cika 15.